Famfon da Iya Ta Bari

Takardar ta shigo gidan ne ranar wata Talata gab da magariba, Kafinta yana zaune a bencinsa na tsakar gida yana miƙar da tsofaffin ƙusoshi. Wannan aikinsa ne na kowace yamma. Duk ƙusar da ya zare daga tsohon katako sai ya jefa ta a aljihu ya zo da ita gida, ya ɗora ta a kan guntun ƙarfe ya yi ta ƙwanƙwasa har ta miƙe. Matarsa, wadda kowa a gidan har shi kansa yake kira Umma, ta sha gaya masa cewa saura kaɗan ya fara ƙirga musu numfashi. Mutum ne da bai iya ganin asara ba, ko da ta tsinken ashana ce.

'Yarsu ce ta tsinci takardar a ƙarƙashin ƙofa. Ita kaɗai Allah ya bar musu, shekarunta goma sha bakwai, tana shirin jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, shi ya sa uban yake tsokanarta da Likita har sunan ya bi ta. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa, sannan ta ce da alama kamfanin ruwa sun yi ɓatan gida. Uban ya karɓa ya kai kusa da ido. Sunansa ne, lambar gidansa ce. An rubuta cewa bashin baya ne na shekara shida, kuma abin da ke jiki ya kai duk abin da yake samu a shekara guda da rabi, in bai ci ba bai sha ba. Gudumar ta zame daga cinyarsa ta faɗi, bai duƙa ya ɗauka ba. Ranar har aka idar da sallah babu wanda ya tuna da kunna fitila.

Washegari ya rufe shago ya tafi ofishin kamfanin. Ya bi layi tun hantsi, sai bayan azahar ya kai gaban wata ma'aikaciya mai sanyin murya, irin waɗanda za su yanka mutum suna ba shi haƙuri. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Shekara shida mai duba mita yana zuwa ba ya ganin mitar gidan, sai ya riƙa rubuta ƙiyasin gida mai mutum uku. Watan jiya aka fasa simintin ƙofar gida aka same ta a ƙasa, lafiyarta lau, tana ta juyawa. Nan Kafinta ya gane laifinsa ne, don shi da hannunsa ya zuba wannan siminti saboda taɓo, ya shafe murfin ƙarfen da ke wurin ba tare da ya tambayi ko na mene ne ba. Ashe duk shekarun nan da yake biyan 'yan kuɗi kaɗan yana hamdala, bashi ne yake kwance a ƙofar gidansa yana ƙiba.

Ya ce mata su uku ne kacal, ko wanka suke yi sau goma a rana ba za su sha wannan ruwa ba. Ta ce ita ma ta sani, amma mita ba ta ƙarya, akwai abin da ke zuba a gidansa dare da rana. Ta ce ya biya kashi ɗaya cikin uku kafin kwana ashirin da ɗaya, sauran a raba masa wata-wata, in ba haka ba a yanke ruwan. Ya roƙa, ya haɗa ta da Allah, ya nemi ganin babba. Aka ce babba yana taro. Ya fito, tun kafin ya kai bakin titi ya san abin da ke zuba.

A bayan ɗakin ajiya akwai wani ɗan lungu tsakanin bango da katanga, wanda mutum sai ya karkace yake shiga. A nan famfon Iya yake. Iya mahaifiyarsa ce, ta rasu shekara biyar da suka wuce. Famfon ba shi da abin murɗawa, tun Kafinta yana yaro haka ya san shi, ruwa kaurin ƙaramin yatsa yana sauka a kan wasu duwatsu yana ɓacewa a tsakaninsu, ba taɓo, ba kwaɗi, ba ko ciyawa. Muddin tana da ƙarfi, Iya ce take biyan kuɗin ruwa daga ɗan sabulu da gishirin da take sayarwa, ba ta taɓa bari wani ya ga takardar ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, abin da ta riƙa nanatawa shi ne famfon baya, kada wanda ya taɓa shi. Ba ta ce don me ba. Shi kuma ya ɗauke ta maganar tsufa, ya ce to, ya bar famfon don bai taɓa ganin ya ci masa ko sisi ba.

Da yammar nan bai ko cire takalmi ba. Ya samu guntun katako mai tauri ya feƙe shi da wuƙa, ya ɗauki guduma ya nufi lungun. Umma ta biyo shi tana cewa ya yi wa Allah ya bari a tambayi manya tukuna, wasiyyar mamaci ba abin wasa ba ce. Ya juyo ya ce mata:

"Mamacin ne zai biya, ko ke?"

Bugu huɗu ya yi, turun ya shige bakin famfon, ya naɗe shi da robar taya ya ɗaure tamau. Ruwan ya tsaya. Sai a lokacin suka gane cewa shekara da shekaru da wannan 'yar ƙara suke tashi, da ita suke kwana. Gidan ya yi wani irin tsit mara daɗi, har Likita ta leƙo daga ɗaki da littafi a hannu tana tambaya ko wani abu ya faru.

Kwana biyu ba a ga komai ba. A na uku, ana kiran magariba, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro ya sauka a gaban Umma tana alwala. Ta ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne, har ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga dutsen jiƙe yake sharkaf, da gansakuka a jikinsa, alhali rabon garin da ruwan sama an yi wata huɗu. Na biyu ya biyo baya, sai na uku. Kafinta ya fita ya zagaye gidan bai ga kowa ba, ya dawo ya tarar an tara duwatsun a gindin randa kamar wani ya jera su da hannu. Daga ranar, duk magariba sai an yi jifan nan, guda bakwai ko takwas, sannan a tsaya.

Bayan jifa sai ruwa ya fara ɓata. Umma za ta cika randa da yamma ta rufe, kafin a gama cin abinci ta buɗe ta tarar da ita ƙaf, cikinta a bushe kamar ba a taɓa zuba mata ruwa ba. Buta haka, tukunya haka. Wata yamma kuma su ukun suna zaune suka ji ƙarar guga ana zura shi, igiya tana gogar bakin rijiya, ga shi kuwa babu rijiya a gidan. Daga lungun baya wata murya ta tsofaffi, a dishe, ta yi sallama ta ce a taimaka mata da ruwa. Umma ta kama salati. Kafinta ya yi ta maza ya ce iska ce take wasa da kwano, amma ranar shi ma bai miƙar da ƙusa ko ɗaya ba.

Umma ta roƙe shi ya zare turun nan. Da ya ji, da wataƙila labarin ya tsaya nan. Amma mutumin yana yawon neman rance daga wannan ƙofa zuwa waccan, kowa yana ba shi haƙuri, kuma duk lokacin da ya tuna famfon sai ya ga kuɗinsa ne ke tsiyaya cikin duwatsu. Ya ce ko aljanun duniya ne suka taru, su je ofishin su biya nasu kason. Kai, baki dai shi ke yanka wuya.

A kwana na goma ƙishirwa ta kama Likita. Da fari uwar ba ta kula ba, sai da ta ga yarinyar ta shanye kofi shida a tsaye ta miƙo hannu a ƙara. Leɓɓanta suka tsattsage, idanunta suka faɗa, ta ajiye littattafanta ba ta ko kallonsu. Aka kai ta asibiti aka auna jini har sau biyu ana zaton ciwon sukari ne, aka ce ba a ga komai ba, a je a riƙa ba ta ruwa. Ruwan kuwa kamar a rariya ake zubawa. Da rana tana kwance shiru, amma da rana ta yi ja sai ta tashi ta nufi lungun nan, ta tsuguna gaban famfon ta yi ta tonon duwatsu da farce har yatsunta su yi jini. In uban ya zo ɗaukarta sai ta ɗago ta dube shi, irin duban da babba ke yi wa yaron da ya yi ɓarna.

Ranar da ya ga haka hankalinsa ya tashi da gaske. Ya ɗauko filaya ya warware robar, ya yi ta kokawa da turun har ya zare shi. Famfon ya yi wani tari, ya tofo 'yar laka, shi ke nan. Ya buga bututun, ya sa baki ya zuƙa, ko ɗigo. Ya fita ƙofar gida a guje ya tarar da rami inda mita take, an toshe bututun da ƙarfe an ɗaura masa 'yar waya mai hatimi. Kwana ashirin da ɗayan sun cika tun jiya, yana asibiti bai ƙirga ba. Ya tsaya a kan ramin nan ya rasa abin da ke masa daɗi.

Umma ce ta aika aka kira malami. Wani dattijo ne siriri mai sayar da littattafai a bakin masallaci, ba shi da yawan magana, kuma an san ba ya karɓar kuɗin ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma ya sa aka ba shi labari tun daga farko. Da aka zo kan takardar ya ce a nuna masa. Ya sa tabarau ya duba ta tsaf, ya girgiza kai ya ce wannan kam ba shi da ayar da zai karanta mata. Babu wanda ya yi dariya. Ya sa aka shimfiɗa yarinyar a tsakar gida, uwar ta riƙe mata kai, uban ya zauna daga ƙafa, ya fara karatu a hankali.

Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cinye tsakar gidan, tsuntsaye suka yi shiru, aka yi kiran magariba aka gama, ya tashi ya yi sallah ya dawo ya ɗora. Jifan ranar bai zo ba. Can sai jikin Likita ya sandare, bayanta ya lanƙwashe, ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba. Ta tattara zane ta rufe gwiwoyinta irin zaman tsofaffi. Muryar da ta fito daga bakinta ita ce wadda suka ji a lungu.

"Ya isa haka, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa da ma a bushe nake."

Malam ya tambaye ta ko wace ce, kuma me ta zo nema a jikin baiwar Allah da ba ta yi mata komai ba. Ta ce ita ce mai rijiyar. Tun kafin a kafa tubali ɗaya a unguwar akwai rijiya a inda ɗakin ajiyar nan yake, a cikinta aka haife ta, a cikinta ta tsufa. Mahaifin Kafinta ne ya cike ta da ɓaraguzai don ya ƙara ɗaki, bai yi sallama ba, bai ce ku matsa ba. 'Ya'yanta biyu suka mutu a ƙarƙashin duwatsun. Ta ce ita ma sai ta kama nasa ɗan, yana da shekara uku, ta riƙe shi kwana tara.

Ta juyo da fuskar yarinyar ta dubi Kafinta.

"Kai ne ɗan. Uwarka ta zo lungun nan ta durƙusa ta yi kuka, uwa da uwa. Na ce ta ba ni ruwa mai gudu in jiƙa maƙoshina ni da sauran nawa, in sake ka. Shekara arba'in da biyu ba ta saɓa ba, ko ranar da ba ta da na abinci. Ruwan da ka toshe, da shi aka fanshe ka."

Kafinta ya sunkuyar da kai. Ya tuna Iya tana ƙulla gishiri a leda har idonta ya daina gani sosai, ya tuna sau nawa ya yi mata tsiyar cewa kuɗinta ba sa zama, ko me take yi da su oho. Don kunya da baƙin ciki hawaye ya zubo masa a gaban matarsa da baƙo, bai share ba.

Malam bai sassauta ba. Ya ce mata an zalunce ta, gaskiya ne, amma wanda ya zalunce ta yana kabari, kuma Allah bai halatta mata ta kama wani da laifin wani ba. Ta fita ta nemi kogi ko tafki, duniya da faɗi. Ta yi wata dariya mara daɗi ta ce ina tsohuwa za ta, kowane ruwa da masu shi. Ya koma karatu da ƙarfi. Yarinyar ta yi ta birgima tana ihu, muryar tsohuwar da tata suna haɗuwa, har jini ya fara fita daga tsagun leɓɓanta. Umma ta kama gefen rigar malamin ta ce ya yi wa girman Allah ya tsaya, za a kashe mata 'ya. Ya tsaya yana haki. Ya gaya wa Kafinta a hankali cewa zai iya ci gaba, wataƙila kwana uku, wataƙila bakwai, amma jikin yarinyar ba zai kai ba. Ya ce shayar da mai ƙishirwa ba bauta ba ce, ko dabba aka shayar akwai lada, in dai sun san Allah ne mai tsarewa. A kan wannan zai yi magana da mai rijiyar.

Sai aka shiga ciniki, kamar a kasuwa. Ta ce kaurin yatsa, yadda Iya ta saba. Malam ya ce mai gidan ba shi da hali, kaurin tsinken tsintsiya. Ta yi ƙorafi, ta ce 'ya'yan yanzu ba su da kunya, daga baya ta yarda. Ta ce ruwan ya zama mai gudu, ba na kwano da za a ajiye mata kamar kaza ba, kuma kada ya tsaya, dare ko rana. Malam ya ce kamfani ya yanke ruwan gidan, ta ba su lokaci har a dawo da shi. Ta ce ita ba ta san kamfani ba, Iya ta sani da ɗanta. Ta ba da kwana uku, ya ja ta har bakwai. Kafinta ya ɗago ya tambaya, in suka sayar da gidan suka tashi fa?

"Da jinin Iya na yi alkawari, ba da bango ba. Ku tafi ku bar ni a bushe, ku ga ko ban riga ku isa ba. Kuma ranar da ruwan ya sake tsayawa, in na shiga yarinyar nan, Malam, kada a wahalar da kai."

Malam ya sa ta rantse da wanda ya halicce ta cewa muddin ruwa na gudu ba za ta kusanci kowa a gidan ba. Ta rantse. Likita ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, da muryarta ta kullum, Umma yatsuna zafi. Aka ba ta ruwa rabin kofi, ta sha ta ce ya ishe ta.

Abu ɗaya Kafinta ya mallaka da zai kai kashi ɗaya cikin ukun nan, injinsa na gogar katako, wanda ya yi shekara tara yana tara kuɗinsa, kuma shi ne ya bambanta shi da mai gyaran kujera a gefen titi. A kwana na biyu ya sayar da shi ga wani kafinta da ke tsallaken shagonsa, a farashin wanda ya san kana cikin matsi. Ya tsaya yana kallo mutum huɗu suka ɗaga shi suka tsallaka titi da shi. A kwana na uku ya kai kuɗin ofis. Ma'aikaciyar nan ta ƙirga ta ba shi rasit, ta yi masa murmushi ta ce ya kyauta. Ya tambaya ko yau za a buɗe ruwan ko gobe. Ta ce ai tsohuwar mitar an cire ta, sai an sa sabuwa, sababbin kuma sun ƙare, ana jiran su. Sunansa yana layi. Ya ce mata rai ne a kan ruwan nan, ran 'yarsa. Ta dube shi da tausayi na gaske ta ce kowa haka yake faɗa, ya leƙo bayan mako biyu.

Saura kwana huɗu. A nan dai sana'arsa ta yi masa rana. Ya haɗa wani dogon teburi na katako a bakin lungun, ya ɗora tsohon duro a kai, ya jingina masa tsani, ya huda gindinsa da ƙusa, ya zura siririn tiyo ya kai bakinsa kan duwatsun. Ya yi ta gwada hujin yana ƙarawa yana ragewa har ruwan ya zo daidai kaurin tsinken tsintsiya. Ya auna ya ga duro ɗaya yana kai yini da kwana, da ɗan saura. Ranar ta bakwai da magariba su uku suka tsaya a bakin lungun suna sauraron ruwan yana sauka. Ba a yi jifa ba. Umma ta ce alhamdu lillahi, shi ma ya faɗa, ya ƙara da cewa na mako biyu ne kawai.

Mako biyu ya zama wata, wata ya zama uku. Mitoci ba su zo ba. Abin da ya zo shi ne takardar wata-wata, da kason tsohon bashi a jiki, da kuma ƙiyasin ruwan da aka ce gidan yana sha, wanda yanzu aka ɗora a kan abin da tsohuwar mita ta nuna. Ya je ya ce musu famfonsa a bushe yake, ku da kanku kuka toshe. Aka ce ya rubuto ƙorafi. Likita ta rubuta masa da kyakkyawan rubutunta, aka buga hatimi aka sa a cikin wani fayil. Da ya kasa biyan kaso na biyu aka gaya masa cewa mai bashi a kansa ba ya hawa layin sabuwar mita, sai ya cike giɓin.

Da fari yana sayen ruwa wurin masu turawa. Da kuɗi suka ƙare ya koma ɗebowa da kansa daga wata rijiyar burtsatse da ke bayan kasuwa, jarka goma kullum, biyu-biyu, sawu biyar. Aikin shago ya mutu, don mai son ƙofa mai santsi ba zai jira wanda ke goga da hannu ba. Ya koma yi wa wanda ya sayi injinsa aikin yini, yana tura katako cikin injin da ya san kukansa kamar muryar ɗansa. Maƙwabta sun taimaka iya taimakonsu, amma labarin jifa ya zaga, mata suka daina aiko yara ko ɗibar wuta. Umma ta sayar da 'yan kunnenta, sannan kwanukanta. Malam yakan leƙo wani lokaci ya yi musu addu'a, ya tafi yana share ido.

Likita ba ta zauna jarrabawar ba. Ranar da aka yi ta tiyon ya toshe da safe, ta ji maƙoshinta ya fara kamawa tun kafin kowa ya lura, ta ruga ta busa shi ya buɗe. Tun daga nan ba ta yarda ta yi nisa da duron. Ta kai 'yar kujera bakin lungun, nan take yini, ta ƙwanƙwasa cikinsa da yatsa ta ji inda ruwa ya tsaya. Ta yi ƙiba kaɗan, leɓɓanta sun warke, wanda bai sani ba zai ce lafiyarta ƙalau. Uban ya daina kiranta Likita, don ya ga sunan yana sa ta kau da kai.

Wata Alhamis injin rijiyar bayan kasuwa ya lalace. Kafinta ya tashi daga aiki da zazzaɓi a jikinsa, ya ɗauki jarkoki ya yi ta bin unguwanni, sai can wajen gari ya samu inda ake sayarwa. Sawu ɗaya ya iya yi. Ya shigo gida rana tana faɗuwa, wuyansa ya ƙage, ƙafarsa ɗaya ba takalmi, ya dire jarkokin biyu a bakin lungun ya dafa bango yana numfashi. Jarka biyu ba za su kai asuba ba, shi ya sani, ita ma ta sani. Yarinyar ta ƙwanƙwasa duron, ya amsa da ƙarar abin da ya kusa ƙarewa. Ta dubi ubanta, yadda ƙashin wuyansa ya fito.

"Baba," ta ce a hankali, don kada uwar ta ji daga ɗakin girki, "ka bar shi ya ƙafe. Wallahi na yafe. In ta tafi da ni ku kun huta."

Bai dube ta ba. Ya duƙa ya kama jarka ɗaya, ya ɗaga ta sau biyu tana komawa, a na uku ya kai ta kafaɗa. Ya sa ƙafa a matakin farko, tsanin ya yi lilo.

"Riƙe min tsanin nan," ya ce. "In na juye zan koma."

Ta tashi ta riƙe masa da hannu biyu, tana kuka ba sauti, ya hau.